Ban Sauke Furen Don Na Ƙi Ka Ba

Zuwa ga hasken safiyata, sanyin idona, inuwar da nake hange daga saman bene, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina,

Ga sallamar da ban taɓa iya yi maka da murya ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yayyage su. Amma yau Laraba, jibi motar kawunka za ta tashi, in na ƙara yin shiru, shirun nan shi zai kashe ni.

Ban sauke furen don na ƙi ka ba! Wallahi ban sauke shi don na ƙi ka ba! Karyewa ya yi.

Ka tuna ranar da ka ba ni shi? Yaya ne ya aike ni shagonku da kekensa a yi masa faci. Na tsaya a bakin rumfa ina ƙirga yatsun ƙafata. Da ka gama, ka shiga ciki ka fito da tsohon gwangwanin fenti, da ɗan tsiro mai ganye huɗu a ciki. Ka ce, "Shiru-shiru, ga abokin hira na samo miki, shi ma ba ya magana." Maigidanka ya yi dariya har sifana ta suɓuce masa. Na rungumi gwangwanin, na ja keken da hannu ɗaya, ƙirjina yana hawa yana sauka kamar famfon iskar shagonku. Ka ce sunansa furen rana, duk inda rana ta bi sai ya bi ta da kallo. Ban faɗa maka ba, amma tun a nan na san wace ce furen, na san wane ne ranar.

Wata biyu yana kan katangar barandarmu, tsakanin barkonon Mama da na'a-na'arta, har ya fi su tsawo. Kullum da safe ka buɗe shago, ka ɗaga kai ka dube shi, ni kuma ina bayan labule ina kallon ka kana kallonsa. Wannan ce duk hirarmu, kuma ta ishe ni.

Sai ran Lahadi ka tare ni a ƙofar bene. Kalmominka suna nan a kunnena kamar yanzu ka faɗe su: "Kawu yana so in bi shi garejinsa, can nesa. Baba ya bar mini zaɓi. Na san ba za ki iya ce mini komai ba. In kina so in zauna, ki bar furen inda nake ganinsa. In na duba babu shi, na ji amsa." Na haura sama da gudu, ina cewa a raina, wannan ai mai sauƙi ne! Ba magana, ba rubutu, in bar shi kawai inda yake.

Washegari da safe Mama ta ba ni bargo in shanya. Jiƙaƙƙe ne, ya yi nauyi, igiyar kuma ta tsufa. Ina ɗora shi ta tsinke. Na ji ƙas! Ya sanyin raina, da ƙashina ne ya yi wannan ƙarar da ya fi mini sauƙi. Na ɗaga bargon na tarar da karan ya lanƙwashe a tsakiya, fata ɗaya ke riƙe da shi, kansa yana lilo a bayan katanga.

Yaya ya leƙo ya ce, "Ke, kukan me kike yi? Ciyawa ce fa. Zubar da shi ki ba ni gwangwanin in zuba ƙusoshi." Mama ta ce, "Bargona ne ya sha ƙasa, amma fure ake yi wa zaman makoki." Kaka ce kaɗai ta dogaro sandarta ta zo ta duba. Ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Bai rabu biyu ba, da sauran rai. Ɗori za mu yi masa. Kawo fensir biyu da tsohon ɗankwali." Na riƙe kan a hankali, ta miƙar da karan, muka sa fensir dama da hagu, muka naɗe da ƙyalle, ba tam-tam ba, don kada mu shaƙe shi.

Tana cikin naɗin ta tsaya ta ce, "Wa yake murɗa bawan Allahn nan? Dubi jikinsa kamar igiya."

Dole in faɗa maka gaskiya, laifina ne ya fi na bargon. Rana ta dama take shigo mana, da safe kawai, shagonku kuwa yana hagu. Kullum furen ya karkata wajen rana, ni kuma in juya gwangwanin ya fuskance ka. Gobe ya koma, in sake juya shi. Ashe wahalar da shi nake yi, karan ya murɗe ya sirance, shi ya sa bai jure ba. Kaka ta bi inda idona ya nufa, ta ce, "Af! Shi yana neman rana, ke kina nuna masa masu faci. To wanne ne a ciki, dogon ko mai tumbin?" Na cusa fuskata cikin mayafi, na so ƙasa ta tsage in shige.

Sannan ta yanke hukuncin da ya raba ni da kwanciyar hankali: "A sauke shi ƙasa, bayan katanga. Kwana uku kada iska ta taɓa shi, kada rana ta dake shi. In ba haka ba, gobe sai dai gawarsa." To yaya zan yi, ya hasken idona? In bar shi a sama ya mutu a gabanka, ko in sauke shi ya rayu, kai kuma ka karanta abin da ban rubuta ba? Na sauke shi. Kyautarka ce, ban iya kashe ta ba.

Ta hujin katanga na gan ka. Ka ɗaga kai, ka sauke, ka sake ɗagawa, ka tsaya da taya a hannu har maigidanka ya yi maka tsawa. Tun daga lokacin ba ka ƙara duban sama ba. Jiya kuma na ga jakar tafiya an wanke an shanya a kan rumfarku. Wayyo ni! Shin ƙasa tana korar ruwan sama? Shin tsuntsuwa tana rushe sheƙarta da bakinta? Ta yaya ka yarda ni zan kore ka, ni da ƙarar ƙararrawar keke kaɗai ke sa tsintsiya ta faɗi daga hannuna? Abinci ya zama mini yashi, gida ya yi mini ƙunci, na zama kamar ganyen da aka tsinka aka manta a rana.

Amma ga albishir. Na cire ganye uku da suka yage. Ruwa da ƙaramin kofi nake ba shi, a gindi, sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta sha iska. Jiya yana nan a langaɓe, na ɗauka ya tafi. Yau da safe ganyen sama biyu suka miƙe, kuma a tsakiyar kan na hango ɗan rawaya, ƙanƙani kamar gashin ɗan tsako. Yana so ya buɗe! Sai dai Kaka ta ce fensir ya yi gajarta, yana bukatar abu dogo, siriri, mai ƙarfi, da zai jingina da shi. Na duba gidanmu kaf babu. A shagonku kuwa na sha ganin siraran ƙarafan nan na cikin ƙafar keke a zube.

Allah ya yafe mini, ni na sace iskar tayar keken Yaya don a aike ni shagonku. Takardar nan a ƙarƙashin sirdi zan maƙale ta, ka san ba zan iya miƙa maka hannu da hannu ba.

Ba na so in tare maka arziki. In tafiyar ce alheri gare ka, ka tafi, zan bi ka da addu'a. Amma kada ka tafi da amsar da ba tawa ba, amsar bargo ce da tsohuwar igiya. Tawa ga ta a rubuce, tun da bakina ya gaza: ka zauna.

Gobe da safe zan mayar da shi kan katanga, da ɗorinsa da ƙyallensa. Ba zan ƙara juya shi ba, don haka baya zai ba ka. Kada ka ji haushi, ranarsa yake nema. Ni zan fito daga bayan labule in tsaya a gefensa, in fuskanci hagu. Ka ɗaga kai sau ɗaya tak. In kuma ka huce, ka ɗaura siririn ƙarfe guda a jikin keken Yaya, zan gane.

Taka yau, taka jibi ko motar ta tashi ko ba ta tashi ba, taka har ƙarshen numfashi,

Shiru-shiru