Awon da Ya Zo Daga Tsallaken Iyaka

Bagudo, ranar Laraba, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a shagon ɗinki bayan kowa ya tashi.

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigidan da yara, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin san manhajar da na haɗa wa Malam Garba tela, wadda ke ajiye tsawo, kafaɗa, hannu da irin yadin kowace riga. Ranar Litinin wata malamar makaranta daga Jamhuriyar Benin ta kawo awon rigunan ɗalibanta. Su da santimita suke awo, mu da inci, ni kuwa ban tanadi gurbin bambanta su ba. Na shigar da lambobin yadda suke. Malam ya shimfiɗa yadi, ya duba takardar da na buga, ya ga tsawon riga sittin. Ya ajiye almakashi ya ce, "Nasiru, ɗan firamare za mu ɗinka wa ko raƙumi?" Duk shagon aka yi dariya.

Ba a yanka ko yadi ɗaya ba, kuma na gyara kuskuren a ranar. Amma Malam ya koma tsohon littafinsa. Yau kwana biyu ni kaɗai nake kunna kwamfutar, ba ni da wanda zan yi wa bayani ya gane.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Har yanzu ban san ko malamar ta ji labarin ba, ko Malam zai sake gwada manhajar, ko kuwa kunyar Inna, da ta kawo ni wurinsa, ce kawai ta hana shi sallamata.

Ƙaninki,
Nasiru