Kuzar Baba

Hulme, Manchester
Watan Maris

Zuwa ga Yayana, Alhaji Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan jiki yana ƙara sauƙi, kuma Hajiya Inno da yara suna lafiya. Tunda magana a waya tana wahalar da kai tun bayan shanyewar ɓarin jikin nan, na ga ya fi mu koma takarda, kamar lokacin da nake jami'a a Zariya.

'Yarka Shifa ta turo mini hoton cokalin da ka tono bara da na'urarka ta gano ƙarfe, a gonar Baturen da ya ba ka izini. Ta kuma isar da tambayarka: shekarunsa nawa, kuma ko da kuzar Filato aka yi shi.

Na fahimci dalilin tambayar. Ni ma ban manta da Baba yana dawowa daga ramin kuza a Bukuru ba, jar laka har gwiwa, yana cewa, "Ku ci tuwonku da hannu, Turawa na can suna ci da cokalin kuzata." Mu mu yi ta dariya, shi kuwa ko murmushi.

Abin da zan iya faɗa daga hoto kaɗan ne. Da alama ƙarfen shi ne wanda Turawa ke kira pewter, wato kuza ce aka gauraya da 'yar dalma. A cikin kwarmin cokalin, kusa da mariƙi, na hangi wani ɗan tabo. Mai yiwuwa hatimin maƙerin ne. In haka ne, shi zai gaya mana wanda ya ƙera shi da zamaninsa.

A aiko mini da shi yadda ya fito daga ƙasa. Ina roƙo kada a wanke shi.

Ƙanenka mai biyayya,
Bara'u


Erdington, Birmingham

Angona na Manchester,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ruwan garinku da ba ya ɗaukewa? A gaida amaryata da yara.

Ga cokalinku nan. An karanta mini saƙonka, wai kada a wanke. Haba Farfesa! Ni Inno in naɗe abu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya in aika gidan ƙanen mijina? Matarka ta buɗe ta ce me? Tun da nake ban taɓa fitar da kwano da datti daga gidana ba, ba kuma a kanka zan fara ba. Na sa an karɓo mini toka wajen masu gashin nama a Stratford Road, na matsa lemun tsami, na dirje shi da soson ƙarfe. Ka ga ƙyalli! Akwai ma wani tabo mai taurin kai a ciki, sai da na yi da gaske kafin ya fita.

Yanzu ban da wasa. Likita ya ce Yayanka ya riƙa motsa hannun nan, shi kuma ya ƙi, sai dai in cokalin zai ɗauka. Duk wanda ya zo dubiya sai ya miƙa masa, da bakin nan nasa da ba ya fita sosai, ya ce, "Kuzar Baba." Ya ce mini shi ya tsufa a ƙasar mutane, bai sami binne Baba ba, sai ga gumin Baba ya jira shi a cikin gona.

Kai ne mai ilimin ƙarfe, abin da ka faɗa shi zai zauna a ransa. Ni dai ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka dubi mutumin kafin ka dubi cokalin.

Matar Yayanka,
Inno


Hulme, Manchester
Watan Afrilu

Zuwa ga Yayana, Alhaji Halliru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri. Da gangan na jinkirta.

Cokalin ya iso lafiya. Hajiya ta yi aikinta da iyakar ƙarfinta, hatimin ya tafi gaba ɗaya. Na duba da gilashin ƙara girma, ban ga komai ba sai sawun soso. Sunan maƙerin ya ɓace ke nan. Ban ga laifinta ba. Da mahaifiyarmu ce, da yashi ma za ta haɗa.

Ina iya tsayawa a nan in ce yanzu ba mai iya sanin shekarunsa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Amma ba ka taɓa tambayata abu don in lallashe ka ba, kuma toka ba ta goge siffa.

Kwarminsa kamar ɓaure yake, faɗi a gaba, tsukakke wajen wuya. Mariƙin siriri ne mai gefe shida, ba shimfiɗaɗɗe ba, kuma an datse ƙarshensa a karkace, kamar yadda ake yanke rake. Na gwada shi da irinsa a littattafan masana. An yi yayin wannan ƙira a Ingila kimanin shekara ɗari huɗu da suka wuce. Daga baya cokula suka koma masu faffaɗan mariƙi, irin waɗanda muka sani.

Kuzar Filato kuwa ba ta fara zuwa ƙasar nan ba sai farkon ƙarni na ashirin. Wadda ke cikin cokalinka, mafi kusa, daga Cornwall take, can kudu maso yammacin Ingila.

Ba ta Baba ba ce, Yaya.

Ka tono abu mai daraja, wanda ya girmi kakan kakanmu. Sai dai kada a ci komai da shi, saboda dalmar.

Allah ya ƙara lafiya. Ina jiran amsarka.

Ƙanenka,
Bara'u


Hulme, Manchester
Watan Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ka ba, Hajiya kuma ba ta ɗaukar wayata. Ban janye abin da na rubuta ba, amma na lura rabin amsa na bayar. Ban faɗi inda kuzar Baba ta tafi ba.

A zamaninsa, mai yawa daga cikinta ba cokali aka yi da ita ba. Ana narka ta ne a shafe gwangwani don kada ya yi tsatsa. Ka tuna gwangwanayen madara da muke tsinta a bayan kantin Bukuru, kai ka yanka, ni in riƙe, mu yi motoci? Ba zan iya rantsuwa ba, amma abu ne mai yiwuwa ƙwarai kuzar Baba ta haye teku ta dawo, muka ɗaura mata zare muna ja a ƙofar gida, shi yana zaune a tabarma yana cewa mu rage surutu.

Ga cokalin na mayar. A gidanmu ba a mayar da kwano wayam, don haka na haɗo da abin da ke cikin kwalin. Da gwangwanin madara da murafun kwalba na yi shi. Na yanke a yatsa.

Ƙanenka mai neman afuwa,
Bara'u


Erdington

Bara'u,

Wa alaikumus salam. Rubutun ya karkace, da hannuna na yi.

Na ji haushinka. Ya wuce.

Motarka ba ta tafiya. Ka huda tayoyin baya a gefe, yadda kake yi tun kana yaro. Duk digirin nan! Na cire su da kaina, wuni guda ina fama, Inno na leƙe tana share hawaye wai albasa ce.

Cokalin yana kan taga. Inno ta tara mana gwangwanaye, ta kuwa wanke su tas. Ka zo ranar Asabar da almakashi mai kaifi. Kai za ka yanka, ni in riƙe.

Yayanka,
Halliru