Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Kawu Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Goggo da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiyar jiki kawai ta rage mana.

Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban Abuja wannan takarda. Ka san hukuncin kisan da aka yanke wa Yaya Suhaibu a ƙasar waje, kan faɗan wurin gini da mutum ya rasu. Ɗaukaka ƙara ce ta rage, wa'adinta kuma ya matso. Ofishin jakadancinmu na can ya ce zai ɗaukar masa lauya, amma sai iyayensa sun shaida shi ɗan Najeriya ne, domin ubangidansa ya riƙe fasfonsa ya ɓatar.

Shekaranjiya ina wurin aiki a Kongo, nan Zariya, wani jami'insu, Mista Onyedika, ya bugo wa Inna. Ya tambaye ta ko Suhaibu ɗanta ne. Kawu, ka san 'yar'uwarka da kunyar ɗan fari. Sai ta ce masa ɗan Lawal ne, a gidanta dai ya tashi. Ya nemi ta faɗi sunansa, ta yi shiru. Bawan Allah Hausarsa ta kasuwa ce, bai san al'adar ba. Ya yi godiya, ya ce zai sanar ba a sami iyayen ba.

Da na dawo na ji, na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Tun ranar kuma ko koko ba ta sha. Na bi lambar har na gaji, ba a ɗauka.

Tunda kai Inna ta ba wa ɗan a waya, don Allah ka ja gwiwar nan taka ka je ma'aikatar harkokin waje, ka tsaya musu a ƙofa har su sake kira. Tsoro nake ji, Kawu.

'Yarka,
Surayya.

Zuwa ga Kawu Lawal,

Bayan gaisuwa, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara sauƙin ƙafa. Saƙonka ya iso cewa za su kira, amma daga bakin mahaifiya suke son ji, kuma ba su sa rana ba.

Na gaya wa Inna. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗora wayar a cinya, ta ce za ta gwada kada bakinta ya sake cin amanarta. Da farko sunan maƙalewa yake yi, sai hawaye. Yanzu ya fito, kuma ta kasa dainawa. Tana tuƙa tuwo tana kiransa, tana alwala tana kiransa.

Jiya matan unguwa suka jiyo ta ta katanga. Tun haihuwarsa ba wadda ta taɓa jin sunan nan a bakinta, sai suka ɗauka an zartar da hukuncin. Suka yafo mayafai suka shigo ta'aziyya. Ni na riƙa tare su a zaure ina rantse musu yana raye, alhali ni kaina ban sani ba.

Kawu, ka koma gobe da sassafe. Ka ce musu uwar Suhaibu ta shirya, wayar tana hannunta.

Inna tana gaishe ka.

'Yarka,
Surayya.