Libarbar Da Ke Ƙamshin Ƙuli-ƙuli

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ni zan karanta maka, kana yi wa Hausar makarantata dariya. Amma ina da labarin da kai kaɗai za ka san daɗinsa.

Ina gida Sifawa, an ba mu hutu. Inna lafiya lau. Albasarka ta fadama ta yi kyau bana, kuma an kafa sabuwar tutar ƙasa a ofishin hakimi a Bodinga. Maƙera ce ta yi shiru tun da ka tafi. Manoma suna kawo wa Yaya Umaru fartanya da lauje, amma maharba sun daina zuwa, wai ba su san hannunsa a kan bindiga ba. Har ya ɗaure akwatinsa zai tafi Kaduna neman aikin masaƙa. Inna ba ta hana shi ba, sai dai ta rage cin abinci.

Ana cikin haka sai ga Baba Garba, tsohon sojan nan na Mandera, da libarbarsa, ƙaramar bindigar nan ta hannu. Ka tuna ta, wadda sai an ɗana ƙarfen bayanta da babban yatsa kafin kowane harbi. Kura ta dami tumakinsa, ya yi harbi ya kore ta, sai kwanson harsasai suka maƙale a ramukan gangar da ake zuba harsasai. Ya tura tsinken ƙarfen da ke fitar da su, suka ƙi. Ya buga shi da dutse, tsinken ya ɗan lanƙwashe. Ya gaya wa Yaya a gaban mutane cewa don darajarka ya kawo ta, in an kasa sai ya kai Sakkwato.

Yaya ya yi daidai da farko. Ya juya bakinta bango, ya tabbatar babu harsashi mai rai, ya ɗana ta rabi, ya buɗe 'yar ƙofar gefe, ya fitar da kwanson da ƙyar. Daga nan ya yanke cewa ramukan ne suka yi ƙunci, ya ɗauko siririn magagari zai buɗa su. Baba, ba kai ne ka sha cewa ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa ba?

Lokacin na shigo da fura. Da na durƙusa in ajiye ƙwarya kusa da bindigar, sai na ji ƙamshin tsohon ƙuli-ƙuli. Nan take na gan ka a zuciyata. Kai ba ka taɓa ɗaukar awartaki ba sai ka fara kai bindiga hancinka. Maza sun cika rumfa, ka kuwa san ni da kunya. Na koma zaure na tsaya ina addu'a kada ya fara. Allah ya taimake ni aka kira azahar. Da ya zo ɗaukar buta na ja gefen rigarsa, na roƙe shi ya shinshina ta, ya tambayi mai ita da me yake shafa mata.

Ashe man gyaɗa ne. Kowace Juma'a Baba Garba yakan ɗura mata shi har cikin ramuka, yadda ake yi wa wuƙa da damina don tsatsa. Man ya bushe ya zama kamar ƙaro, shi ya riƙe kwanson. Yaya ya cire gangar ya jiƙa ta a kananzir, ya goge ramukan da tsumma a kan kara har suka yi haske. Ya miƙe tsinken a hankali a kan uwar maƙera. Aka mayar da kwanson don gwaji. Da turawa ɗaya kowanne ya faɗo ƙasa da ɗan ƙara. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, yana cewa shekara da shekaru ashe miya yake yi wa bindigarsa.

Ban taɓa gaya maka ba, duk ranakun da nake zuga maka wuta kaina a sunkuye, hannunka nake kallo. Ka ɗauka gajiya ce ta sa nake shiru? Daɗi nake ji. Ban kuma gode maka ba da ka bar ni na tafi makaranta, alhali ka rasa mai zuga. Na gode, Baba.

Yaya ya so ya faɗa wa mutane ni ce, na roƙe shi ya bari. Ai hancinka ne, ba nawa ba. Ranar kasuwa maharba biyu daga Dingyaɗi suka kawo bindigoginsu. Jiya na ga Inna ta zuba gero a akwatin da Yaya ya ɗaure don tafiya Kaduna, ashe ya riga ya kwashe kayansa daga ciki. Yanzu haka ina jin masabarsa daga ɗaki, kuma ɗazu na leƙa na gan shi ya kai wata tsohuwar bindiga hancinsa.

Ka huta lafiya. Allah ya sada mu a Aljanna.

Taka mai zuga wuta,
Hassi