Azumin da Malam Bai Ɗauka Ba

Tanut, cikin bazara

Zuwa ga ƙawata kuma ƙanwar maigidana, Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin asibiti? Ya yara, ya zafin Yamai? Mu nan sai godiya.

Bayan gaisuwa, akwai maganar da bakina ya kasa, shi ya sa na ba alƙalami. Kin tuna faɗuwar da yayanki Malam ya yi a Belbeji, ya daki gungumen bakin rijiya da tsakanin ƙafafunsa? Waje ya warke, amma ciki tabo ya matse hanyar bawali. An buɗa masa da ƙarfe a Damagaram, ta sake tsukewa. Yanzu in ya zaga da buta, sai in gama tankaɗe bai fito ba.

Dabarar da ya yi ita ce barin shan ruwa da rana, don kada buƙata ta kama shi a kasuwar raƙuma. In an miƙo shayi sai ya ɗaga hannu. Mutane suka ɗauka azumin nafila yake jerawa, har mata na aiko da kwanon ruwa ya tofa musu. Bai ce yana azumi ba, ni ma ban ce ba, amma mun yi shiru, kuma ban karanta inda irin wannan shirun ya halatta ba. Leɓensa duk ya tsage. Ina jin tsoron ƙodarsa.

Ki ba ni shawara. A gaida maigida.

Taki,
Zuhaira

Tanut, ƙarshen bazara

Ramatu,

Sallama da fatan kuna lafiya, ke da duk gidan.

Na gane bayaninki. 'Yar balan-balan ce siririya da aka shafe da magani, a zura ta har wurin matsewar, a hura, a cire. Maganin ya zauna a naman don ya hana tabon saurin komawa. Kin ce ba kowa take yi wa ba, sai lokotoro, wato likita, ya duba. Haka na faɗa masa, ban ƙara ba.

Abin mamaki, ba balan-balan ɗin ya tsorata da ita ba. Da ya ji bayan aikin dole ya riƙa shan ruwa da yawa, sai ya ce da wane ido zai dubi mutanen da ke kiran sa bawan Allah. Na ce masa, a hankali, ladan da ba a rubuta masa a sama ba bai kai ya ba da ƙoda a kansa ba. Ya ƙi cin tuwona ranar. Da safe ya ce in wanke masa manyan riguna.

Yana tafe wurinki Yamai. Kada ki yi masa tsiyar da kika saba.

Taki,
Zuhaira

Tanut, farkon damina

Ramatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya hidimar da muka ɗora miki? Allah ya saka.

Malam ya iso gida lafiya bayan aikin. Gargaɗin lokotoro na a kiyaye ɗaukar ciki 'yan watanni kuwa, ki ce masa kakar jikoki ta gode.

Ranar kasuwa Manzo mai shayi ya tsallake shi kamar kullum. Malam ya kira shi, ya ce ruwa zai fara ba shi. Rana tsaka ya shanye kwanon a gaban dillalai, ya ce musu shi bai yi azumi ba, ciwo ya ɓoye, su yafe masa. Manzo ya ce ashe waliyyinsu ƙishirwa ce ke cin sa, su suna ta neman albarka. Aka yi dariya, wasu ba su yi ba. Kwanonin tofi sun daina zuwa, na kuma ga abin ya taɓa shi.

Amma da la'asar wani dattijon makiyayi daga Tenhya ya yi sallama, ya daɗe yana zancen farashin raƙuma, sannan ya rage murya ya tambayi yadda ake zuwa Yamai.

Randa yanzu ba ta kwana da ruwa. Buta kuwa, kafin in hura wuta ya fito.

Taki har kullum,
Zuhaira