Huhun Bijimin Yaya Salihu

Ƙofar Guga, Katsina

Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin koma Zariya lafiya, kin fara sabon zango cikin nasara. Inna da matata Mairo da yara suna gaishe ki. Na rubuto ne don in na kira ki a waya, abin da zai fito daga bakina ba zai yi daɗi ba.

Inna ta ce kin zaɓi fannin da za ki ƙware a kai, wai duba nama. Shekara biyar ina cika baki a kwata cewa ƙanwata za ta dawo likitar shanu, ta riƙa yi wa dabbobinmu magani. Ashe hatimi kike so ki riƙe, ki tsaya a kan mahauta kina cewa wannan a ci, wannan a ƙone. Kin manta ranar da wani mai farar riga ya zuba wa naman san Baba kalanzir a gaban jama'a? Kwana biyu Baba bai ci abinci ba. Da kuɗin fawa aka kai ki makarantar nan. Ki je ki canza.

Yayanki,
Salihu

Zariya

Yaya Salihu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna da kowa da kowa. Takardarka ta iso ta hannun direba, na karanta ta a tsaye a bakin aji.

Ban manta da Baba ba, Allah ya jiƙansa. Amma tunda ka tono, bari ni ma in tono. A hutun nan, ranar da na kawo maka abinci kwata, na ga huhun jan bijimin nan cike da ƙullutai masu ruwan ɗorawa. Na ce maka tarin fuka ne. Ka ce in rufe maka baki, ka yanke wurin ka jefa a kwalbati, ka sayar da sauran. Mairo ma ta yi mana miya da shi. Na zauna na ci don kada in kunyata ka a gaban matarka, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Washegarin dawowata na rubuta sunana a fannin. Ba zan canza ba. Kuma tarin da kake yi tun kafin azumi ba na hayaƙin babbaka ba ne. Ka je a gwada majinarka.

Ƙanwarka,
Ramla

Ƙofar Guga

Ramla,

Bayan gaisuwa. To, likita. Yanzu ni ne maras lafiyar, ni ne kuma mai kashe jama'a. Shekara ashirin wuƙa na hannuna, ke ce za ki nuna mani huhu? Inna ta sa Mairo ta karanta mata takardarki. Tun ranar Mairo ta ware mani kofi da kwano, ta kwashe yara zuwa ɗakin Inna. A gidana. Abin da karatunki ya fara haifarwa ke nan. In kin zo hutu ki sauka Ƙofar Kwaya wurin Gwaggo Hajjo.

Salihu

Zariya

Yaya,

Ina gaisuwa. Zan sauka wurin Gwaggo. Mairo ta yi daidai. 'Yarka Nana Aisha shekararta uku, a ƙirjinka ta saba barci. Ka yi fushi da ni har ƙarshen duniya, amma ka je asibiti.

Ramla

Ƙofar Guga

Ramla,

Assalamu alaikum. Na je. Shi ne. An ɗora ni a kan magani na wata shida. An duba yara, su lafiya lau, alhamdu lillahi. Likitan bai ce daga shanu na ɗauka ba, don haka kada ki ɗauka kin ci gari. Har yanzu ban yarda da zaɓinki ba.

Jiya Mudassir, abokin aikina, ya feɗe wata saniya, na ga wani abu a hantarta, na hana shi sayarwa. Mun kusa dambe. Ban ma san ko na yi daidai ba. Zan turo maki hoton a waya. Ki duba ki gaya mani kafin gobe da azahar, naman yana cikin ƙanƙara.

Yayanki,
Salihu