Sun Share Sunan Mama Daga Tarihin Cibiya

Zuwa ga Yayana Tuncay,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a Jamus. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Mama da ke tashi in dusar ƙanƙara ta sauko Ankara.

Yaya, raina a ɓace yake. An yi bikin cika shekara arba'in na cibiyar koyar da harsuna ta jami'a. Kai shaida ne Mama ce ta fara ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da murhun gawayi, tana koya wa 'yan Afganistan da Somaliya Turkanci, suna karkarwar sanyi, tana dafa musu shayi. Ita ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka ƙaro Larabci da Rashanci.

Ta ɗinka sabon kwat saboda bikin. Ka san inda suka zaunar da ita? Can baya, kusa da ƙofa! Cahit, wanda ta ɗauka aiki yana riƙe mata jaka, shi ne shugaba yanzu. Ya tashi ya ce kafin zuwansa cibiyar kango ce, ya ce akwai wasu tsofaffin ma'aikata da suka ɗan taimaka. Ko sunan Mama, Feride, bai fito daga bakinsa ba. Ashe ana cin inuwar bishiya a manta wanda ya dasa.

Yana cikin zuba sai wani likita ɗan Somaliya, furfura fal kansa, ya miƙe ya taka har baya, ya sumbaci hannun Mama ya ɗora a goshi, ya ce a bakinta ya fara jin kalmar burodi da Turkanci. Tsofaffin ɗalibai suka bi sahunsa, Cahit yana ta yi wa ƙeyoyinsu jawabi.

Duk da haka, sunan Cahit za a sa wa sabon ginin da aka yi wa cibiyar. A mota Mama ta ce in bar shi da halinsa, ciwon kai ne kawai ya sa ta hawaye. Ta hana ni zuwa ofishinsa. Na ce mata to. Ranar Litinin zan je, da likitan da sauran ɗalibanta.

Ka gaishe da Anti Gülten, da Berk da Selin. Mama na sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Nurhan